Tsohon keken Singer na takawa: yadda ya yi min aiki, da yadda za ki gane na gaske kafin ki miƙa kuɗi

Maganar gaskiya tun daga farko, tsohon keken Singer samfurin 15K na takawa da na saya a hannun wani dattijo mai gyaran kekuna a Fagge ya biya ni kuɗina, kuma da za a ce in sake zaɓa shi ɗin dai zan ƙara ɗauka. Amma fa ba duk baƙin keken da aka rubuta wa Singer da ruwan gwal ba ne Singer, kuma ko a cikin na gasken ma ba kowanne ne zai yi wa mai ɗinkin kuɗi amfani ba, shi ya sa na ga gara in haɗa bayanin keken da yadda ake gane su wuri ɗaya. Mu mata masu ɗinki a cikin gida mu aka fi cuta a harkar nan wallahi, a kawo miki keke har ƙofar ɗaki a ce na Ingila ne gadon wata tsohuwa ne, ke kuma ba ki da hanyar tantancewa, kina ganin yana ƙyalli sai ki kwance bakin zani ki biya.

Ni dai abin da ya kai ni neman na takawa wuta ce. Ina da na lantarki, amma kin san halin da ake ciki, lokacin sallah ko biki kaya sun taru a ɗaki wuta kuma sai tsakar dare ake kawowa, man janareta kuwa in kika zauna kika yi lissafi sai ki ga ribar ɗinkin can ta tafi. Toh da na tashi saye sai na ce bari in nemi tsoho mai ƙarfen kirki, aka yi min kwatancen shagon dattijon nan.

Shagon ɗan ƙarami ne, wurin zama ma sai wani benci a waje, ciki kuwa kawunan kekuna ne jere a ƙasa da kan kanta har sama, wasu sun yi tsatsa wasu an kwashe musu kayan ciki, ga gwangwanayen madara cike da notuna da ƙoshiyoyi da kwarkwaro. Ina shiga idona ya faɗa kan wani mai sheƙi sosai, na ce Baba wannan nawa, sai ya ce a'a 'yata wannan gyara aka kawo, kuma ko na sayarwa ne ba zan ba ki ba, zo ki gani. Ya jawo kan keken ya sa babban yatsa ya goge wani ɗan fili a kan shimfiɗar keken ta hannun dama, daga gaba, dab da gindin wuyan, ya ce nan ake fara dubawa. Babu komai a wurin, sumul, fenti ne kawai. Sannan ya sunkuya ya ɗauko wani wanda adonsa duk ya koɗe gefen da hannu ke gogawa, ya share wannan wurin dai da tsumma mai ɗan mai, sai ga harufa biyu da lambobi shida an buga su a cikin ƙarfen, kina sa farce za ki ji zurfinsu.

Wannan lambar ita ce babbar shaida. Kamfanin Singer ya riƙa buga wa kowane kai lambarsa shi kaɗai, kuma ya ajiye rijistar lambobin, wato daga lamba kaza zuwa kaza an ware su ranar kaza domin keke samfurin kaza. Rijistar nan tana nan a intanet kyauta, ƙungiyar masu tara tsoffin kekuna da ake kira ISMACS ta jera ta harafi-harafi, da waya ma za ki duba. Nawa ya fara da EF, ƙanena ya duba min a nan bakin shagon muka ga lambar ta faɗo cikin rukunin 15K na wajen 1949 zuwa 1950. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne shekarar da za ki gani ta ranar da aka ware lambobin ce, keken kansa zai iya fitowa daga masana'anta watanni bayan nan, amma dai ba zai yi nisa ba. Kuma ki lura da samfurin da rijistar ta faɗa, in ta ce lambar ta samfurin 66 ce ke kuma keken da ke gabanki siffar 15 gare shi, toh akwai magana, ko dai kin karanta lambar ba daidai ba saboda datti ko kuma an yi wasa da ita.

Harufan farkon nan suna da ma'ana. Kekunan da aka ƙera kafin 1900 lambobi ne zalla babu harafi ko ɗaya, in kin ci karo da irinsu kin samu tsoho na gasken gaske. Daga 1900 aka fara sa harafi. Mai G guda ɗaya na masana'antar Elizabethport ne a jihar New Jersey ta Amurka, daga 1910 zuwa 1924, daga nan suka koma harufa biyu masu farawa da A, su AA, AB haka. Mai Y guda ɗaya na Clydebank ne a Sikotland, shekarun 1920 zuwa 1935, daga 1935 kuma suka koma EA, EB, har zuwa gaba. Mai C guda ɗaya na Wittenberge ne a Jamus, shi wannan ba za ki samu shekararsa a rijista ba don takardun masana'antar sun salwanta a sanadin yaƙin duniya na biyu. Baba ya ce a iya shekarun da ya yi yana kwance kekuna masu Y da masu E su suka fi biyowa ta hannunsa, kuma abin ya yi daidai da hankali tunda mu Ingila ce ta mulke mu, kayanta ne suka fi shigowa.

Ita masana'antar Clydebank ɗin ba ƙaramin wuri ba ne, a kusa da Glasgow take a wata unguwa da ake kira Kilbowie, kuma daga nan harafin K na jikin 15K da 66K da 201K ya fito. Ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1880, a 1913 kaɗai ta fitar da keke sama da miliyan ɗaya, ma'aikata dubbai, har tashar jirgin ƙasa aka yi mai suna Singer wadda har yau tana nan ana hawa. A 1980 aka rufe ta. Kinga kenan duk wanda ya kawo miki keke dal a kwali ya ce yanzu aka sauke shi daga Ingila, ko bai sani ba ko kuma ya sani. Na kawo maganar yawan nan ne kuma don ki san tsoffin Singer ba wani abu ba ne mai wuyar samu a duniya, miliyoyi aka yi, kar wani ya tsuga miki kuɗi da sunan wai saura guda biyu a ƙasa.

Bayan lamba sai siffa, domin tsoffin ba a rubuta musu samfuri a jiki ba, sai wajen shekarun 1950 aka fara manna ɗan ƙaramin faranti mai lambar samfurin. Hanya mafi sauƙi ki dubi inda abin matse zaren sama yake, wannan mai faifai biyu da sifirin da ake murɗawa. In yana jikin murfin fuskar keken ta hagu, yana kallon gefe ba ke ba, 15 ne ko ɗaya daga cikin masu kwaikwayonsa, kuma kwarkwaronsa a cikin ƙoshiya yake shiga a tsaye ta ƙasa, sai kin zura hannu ta ƙarƙashi kin ɗana ta. In abin matse zaren yana gaba yana kallonki, toh ki zuge murfin da ke kusa da allura. Kika ga kwarkwaro zagayayye a kwance ana jefa shi ta sama, 66 ne, in kuma jikin keken ya fi guntu 99 ne, ƙanensa. Kika ga murafe biyu dogaye ɗaya na zugewa gaba ɗaya baya, a ciki kuma ga doguwar ƙoshiya mai tsini da siririn kwarkwaro dogo tana lilo gaba da baya, wannan 27 ne ko 127, gajerunsu kuma 28 da 128. Shi 201 kwarkwaronsa a kwance yake shi ma, amma ƙugiyar da ke ɗaukar zare zagayawa take yi gaba ɗaya ba je-ka-ka-dawo ba, shi ya sa ya fi su duka shiru da laushi, daga shekarun 1930 aka fara shi.

A nan ne na ƙara yarda da dattijon nan. Akwai wani 27 a shagon da ya shiga raina sosai, adonsa na mutum-mutumin nan ne na Masar mai kan mutum da jikin zaki, ruwan gwal ɗin bai gama goguwa ba, lambarsa ma babu harafi. Na ce Baba wannan fa. Ya ce 'yata ɗinki za ki yi ko kallo. Ya ce doguwar ƙoshiyar nan in ta cinye ko ta ɓace sai kin sha yawo kafin ki samu wata a kasuwa, kwarkwaronta zare kaɗan yake ɗauka kina cikin dogon ɗinki zai ƙare, kuma ba ya baya. Ya ce mai son ajiye kayan tarihi shi ya dace da shi. Da mutum ne mai neman kuɗi kawai da ya sallama min a take don ya ga ina so, kuma ya fi wanda na ɗauka tsada.

Sai tambari. Na gaske ɗan farantin tagulla ne mai siffar ƙwai a jikin wuyan keken ta dama, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi biyu, a jikinsa akwai hoton ƙoshiya da allurai biyu a gicciye da zare da sunan kamfanin a zagaye, zanen ya taso kina shafawa za ki ji. Wanda aka liƙa da gam ko wanda yake leda ce mai ƙyalli ki ajiye shi. Akwai wasu na wajen 1951 da gefen tambarin yake shuɗi an rubuta 1851 da 1951, na cikar kamfanin shekara ɗari ne, tunda a 1851 ne Isaac Singer ya yi rijistar kekensa na farko. A saman hannun keken kuma za ki ga cikakken sunan kamfanin da ƙananan harufan gwal, na Clydebank da yawa an ƙara musu rubutun da ke nuna a Birtaniya aka yi. Amma shi tambari ana iya cire shi daga mataccen keke a kafa wa wani, shi ya sa Baba ya kwantar da kan keken baya ya haska min ƙarƙashi da fitilar waya. Ƙarafan ciki da yawa an buga musu SIMANCO, wato gajeren sunan kamfanin, da lambar ƙarfen, har jikin takalmin da ke danne yadi da ƙoshiyar asali akwai. Mai yin jabu zai iya fenti, zai iya manna suna, amma ba zai zauna ya bi sandunan ƙarƙashi ɗaya-ɗaya yana buga musu rubutu ba. Ki kuma dubi yadda aka gyare ƙarafan, na tsohon sumul suke an goge su, ba kaifi ba gurɓin zubi.

Maganar masu kwaikwayo tana buƙatar adalci. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin Japan sun ƙera kekuna birjik a kan tsarin 15, kuma da yawansu masu kyau ne ƙwarai. Butterfly ɗin nan ta Shanghai da kusan kowane tela ya koyi ɗinki a kanta ita ma tsarin 15 ce, haka Usha ta Indiya. Waɗannan ba jabu ba ne, sunansu suka sa a jiki, suna kuma ciyar da gidaje ba iyaka. Shi kansa sunan Singer an ci gaba da ƙera sabbin baƙaƙen 15 da shi a Taiwan da China da Indiya, wasu har da irin tsohon adon Masar ɗin nan, su ma ba jabu ba ne amma ba tsoffin ba ne, bai kamata a sayar miki da su a kuɗin tsoho ba. Cutar tana inda za a ɗauki wani keke can daban a kankare sunansa a fesa baƙin fenti a liƙa Singer. Wata maƙociyata irinsa aka kawo mata, ba a jima ba fentin ya fara ɓarewa wani sunan ya leƙo ta ƙasa, wanda ya kawo kuma an neme shi an rasa.

Kada teburi ya ruɗe ki. Ƙafafun ƙarfen nan masu SINGER a rubuce a tsakiya da tambari a gefe suna da kyau kuma suna da ƙarfi, amma kai da teburi rabuwa suke, ramin teburin kusan ɗaya ne ga manyan kekunan gida, don haka za ki iya samun ƙafar Singer ta gaske da kan wani keke a sama, ko kan Singer a kan ƙafar da aka zuba jiya. Nawa ma haka yake, kan na Clydebank ne, ƙafar tsohuwa ce ta Singer, katakon kuwa kafinta ne ya yi sabo don na asalin gara ta cinye, kuma Baba ya faɗa min haka da bakinsa kafin in tambaya. Ki duba ƙafar da kyau ko akwai tsagewa ko inda aka yi walda, irin wannan ƙarfen zubin in ya karye waldarsa ba ta cika riƙewa ba. Ki cire bel ki taka fedar ki saki, in babbar tayar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci ba ƙara ba girgiɗi, ƙafar lafiya take.

Toh yanzu aikin keken kansa. Nawa irin 15K ɗin nan ne mai sandar tsawon ɗinki a jikin wani zagayayyen faranti mai lambobi, ki yi ƙasa da ita ya tafi gaba ki ɗaga sama ya yi baya, wanda ake kira 15K88. Bayan nan ya yi min rana sosai wajen ɗaure bakin ɗinki, domin tsoffin 15 na kafinsa noti ne kawai ake murɗawa ba sa baya, sai dai ki juya yadin. Ɗinkinsa kuwa tab, layi ɗaya miƙe sama da ƙasa iri ɗaya, atamfa da shadda ba a magana, na haɗa bakin wandon jins inda ya ninku ya haye ba tare da na taimaka masa da hannu ba, na sa allura siririya na ɗinka mayafi mai santsi bai tattare shi ba bayan na ɗan sassauta zaren. Abin da na fi so shi ne yadda yake bin ƙafa, in kina so ki yi ɗinki ɗaya-ɗaya a kwanar wuya ko wajen aljihu zai tsaya daidai inda kika tsaya. Ƙararsa ƙas-ƙas-ƙas ce a hankali kamar agogon bango, ina ɗinki da asuba yara na barci a ɗakin ba sa motsawa. Akwai kuma wani noti a ƙarƙashi da in kin kwance shi haƙoran da ke jan yadi za su sauka, sai ki riƙa juya yadin da hannu, masu cike ɓula da masu ɗan ado suna amfani da shi. Allurarsa ita ce ta gida da aka sani, mai gefe ɗaya a shafe wadda ake ce wa HA, ko'ina akwai, kar dai a ba ki DB ta manyan kekuna don ita gindinta zagayayye ne.

Inda ya ba ni wahala kuma zan faɗa. Na farko ƙoshiya. Ita ƙoshiyar 15 tana da ɗan yatsa da ke shiga wani gurbi, a yawancin na kasuwa yatsan yana karkata dama ne wajen ƙarfe ɗaya na agogo, a 15K88 kuwa hagu yake karkata wajen ƙarfe sha ɗaya. Wato ƙoshiyar da ake sayarwa a kowane shagon kayan ɗinki ba za ta zauna masa ba, kwarkwaron dai ɗaya ne yana shiga amma ƙoshiyar sai an nemo irin tasa. Don haka in za ki saya ki tabbata tasa tana ciki, in da hali ki roƙi mai shagon ya haɗa miki da ta biyu. Na biyu, sa allurarsa daban ne, gefen da yake a shafe hagu yake kallo kuma daga dama ake zura zare zuwa hagu, akasin yadda aka saba a Butterfly. Yaran da nake koya wa ɗinki in suka zauna a kansa suka sa yadda suka saba sai ya ƙi ɗaukar zaren ƙasa su ce ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Na uku, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, babu zigzag babu gidan maɓalli, waɗannan sai na jira wuta ko in aika waje. Ga nauyi, kan kaɗai ya haura kilo goma, in aka haɗa da ƙafa sai mutum biyu. Bel ɗin fata kuma yana saki da zafi, lokaci-lokaci sai kin ɓalle ƙarfen da ya haɗa bakinsa kin yanke kaɗan kin huda kin mayar, ba wuya amma sai an koya.

Shi ma shagon yana da nasa. Baba ba ya sauri ko kaɗan, ya ce min in dawo ranar kaza na je bai gama ba, na sake komawa ya ce bai ji daɗin yadda sandar allura take ba sai ya sake buɗewa. Babu rasit babu wata takardar garanti, maganar baki ce kawai, waya kuma sai ki yi ta kira ba a ɗauka. Mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba. Amma da na mayar masa da keken a kan zaren ƙasa yana ɗan tattaruwa, ya gyara notin ƙoshiyar a gabana ya nuna min yadda zan riƙe zaren in saki ƙoshiyar ta ɗan zame ta tsaya, ya ce haka ake gane matsin ya yi daidai, kuma ko sisi bai karɓa ba. Kuɗin keken ma bai cuce ni ba, na zagaya na ji farashin sabbin na takawa kafin in je, ya ɗan ɗara su amma ba da yawa ba.

Akwai wata magana da dole in taɓo don ita ke sa farashin tsoffin kekuna hauka wani lokacin, maganar jan makuri. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya wai tsoffin Singer akwai wani jan sinadari a cikinsu mai tsadar gaske, mutane suka riƙa sayen keke da dubban riyal, wai a kara waya kusa da allura in sabis ya ɗauke toh akwai shi, har shagunan teloli aka fasa, sai da 'yan sandan ƙasar suka shiga maganar. Babu komai a ciki, damfara ce. Irin wannan zancen yana zagayowa nan ma jefi-jefi, kuma abin da ke min ciwo shi ne a kan haka ake farfasa kekunan da za su iya ƙara shekara hamsin suna aiki. Baba ya nuna min wani kan 66 da aka fasa wa wuya da guduma, adon furen nan nasa mai launi-launi yana nan raɗau a jikin ɓallin, 'yan gwangwan ne suka kawo masa a kilo ya saya don ya ciri kayan ciki. A cikin keken nan ƙarfe ne da tsohon mai, shikenan.

In kin samu naki, dan Allah kar ki wanke shi da ruwa da omo, kar ki goge shi da fetur ko sipirit, adon gwal ɗin a ƙarƙashin wani siririn shafi yake, abu mai ƙarfi yana taɓa shi zai narke adon ya koma fari-fari kuma ba ya dawowa. Man keke a tsumma mai laushi ya isa jikin. Ƙarafan ƙarƙashi in sun daskare da tsohon mai a ɗiga musu kananzir a juya a goge sannan a sa man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, har da gurbin da ƙugiya ke kai da komo. Man gyaɗa da baƙin mai kuwa ko kusa, da farko zai yi laushi daga baya ya yi danƙo ya kama ƙura, da hunturu ma ya fi muni. Kar kuma ki bari a ce za a sake masa fenti don ya yi kyau, fentin zai cike lambar ya rufe shaidar da ke nuna ko wane keke ne.

Ga wadda za ta fara koyo kuma kuɗinta kaɗan ne, Butterfly ko wani mai tsarin 15 da kayan gyaransa ke ko'ina ya ishe ta, ba sai ta wahalar da kanta ba. Ga wadda ɗinki ya zama sana'arta tana so ta sayi keke sau ɗaya, ta nemi 15K mai baya ko 201K in Allah ya haɗa ta da shi, 66K ma yana da kyau sai dai da yawan tsoffinsa ba sa baya kuma kwarkwaronsa daban ne da na 15, gefensa a ɗan lanƙwashe yake, a tabbata an haɗa mata da su da ɗan yawa. Maza masu manyan riguna da kaki su tambayi 31K15, shi na teloli ne tun asali, ya fi tsawo kuma ya fi gudu, allurarsa mai zagayayyen gindi ce. Ko wanne ne dai ki tafi da ƙyallen yadinki da zarenki, ki zauna ki taka da ƙafarki a nan shagon, ki ɗinka ninki biyu ki ɗinka ninki shida ki juya ki duba bayan, ki kama sandar allurar ki girgiza ki ji ko tana wasa, sannan ki ɗauki hoton lambar a duba miki kafin a fara maganar kuɗi.